Lema Ruwan Ɗorawa

Goggona,

Da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da keken ɗinkinki da matan da ke cika miki shago da surutu. Yaya gwiwa? Yaya kunne? Na haƙura da kiranki a waya tun ranar da na ce miki na isa lafiya kika ce mini "wa ya haihu?" Gara mu koma takarda, tunda Direba yana zuwa garin nan duk mako. Kina dai shan maganin hawan jininki ko? Na san har yanzu yana cikin gwangwanin maɓallai, kamar babu wani mazubi a duniya.

Kin ce ba ki gane aikin da ya raba ni da ke ba. Bari in sake gwadawa. Akwai allurar da ke kare mutum daga kamuwa da cutar ƙanjamau, ana yin ta duk bayan wata biyu. Abin da muke bincike a kai shi ne, in aka kawo ta ƙaramin asibitin unguwa, shin mata za su riƙa zuwa a kan lokaci? Mata ɗari uku muka ɗauka, kuma duk an gwada su, babu mai cutar ko ɗaya. Sharaɗin shiga ke nan. Nawa aikin shi ne in tabbatar kowace ta dawo.

Ofishina wani ɗan ɗaki ne a bayan asibitin: tebur mai gajeriyar ƙafa da na tokare da kwali, kabad na ƙarfe mai kwaɗo biyu, sai firijin da muke tofa wa addu'a duk lokacin da aka ɗauke wuta. Adireshin matan kuwa sai kin gani. Wata ta ce a rubuta "bayan injin niƙa, gida na uku". Da na je, mai injin ya tashi tun bara.

Ba ma kiran suna, lamba muke ba su, kuma na yi rantsuwa a kan haka. Akwai wadda na fi so, Sittin da Biyu. Tana sana'a a kasuwa, mijinta matafiyi ne. Ranar da na gama karanta mata takardar amincewa mai shafi goma sha huɗu, sai ta ce, "Malama, ni ban da iko da inda yake kwana. Amma ƙafata tawa ce, za ta kawo ni nan." Ba ta taɓa makara ba.

Yanzu ga abin fahariya. Masu ba da kuɗin binciken sun ce a ba matan ƴar kyauta. Oga ya ce riga mai sunan aikin. Na miƙe na ce wannan ai tallar asirin mutane ne, a ba su lema, babu rubutu babu tambari, ga damina ta ƙarato. Har tafi aka yi mini. Ɗaya ta yi saura, ga ta nan a hannun Direba.

Ƴarki

*

Uwata,

Na ga takarda, na ga lema. Gwiwa da sauƙi. Kunne kuwa lafiyarsa ƙalau, ku ne ba kwa buɗe baki in kuna magana. Magani ina sha, kuma ki bar mini gwangwanina, ya girme ki.

Wannan lema ai sai a hango mutum tun daga tasha! Ruwan ɗorawa shar, ban taɓa ganin irinta a kasuwa ba. Jiya ko gajimare babu na buɗe ta na tafi sayen zare. Maƙwabciyata mai sayar da gawayi ta ce, "Wannan kuma daga ina?" Na ce ƴata ce ta aiko, wadda ake yi wa tafi a ofis. Ta ce nata ɗan ma yana aiki a birni. Na ce to ya aiko mu gani.

Na karanta bayanin aikinki sau biyu. Mata ɗari uku, kuma ke ce mai bin sawunsu? Ke da nake aika sayen allurar keke ki dawo mini da labarin faɗan kaji? Allah mai iko. Da Babanki kafinta yana raye da ya ji daɗi, shi da ya ce tun kina ƴar shekara biyar a hannunmu ba ki taɓa barin tambaya ta kwana ba.

Sittin da Biyun nan ta burge ni. In ta zo ki ce wata tsohuwa tana gaishe ta. Ki ci abinci. Na ɗinka miki riga, na ƙara faɗi a ƙugu don in ba ki kunya ki cika ta.

Goggonki

*

Goggo,

Ina gaishe ki, ina gaida gwiwa. Rigar ta yi mini kyau, amma yau ba ni da bakin yabo. Garin neman gira na rasa ido.

Ranar Talata aka yi ruwan farko da hantsi, kasuwa cike. Mata suka buɗe lema. Goggo, mun cire rubutu, mun cire tambari, mun manta da launi. Babu mai sayar da irin lemar nan a duk garin, sai ga ta nan birjik a hannun mata, wata a layin masu kayan miya, wata a bakin famfo. Wani mai shagon magani da ke kallon ƙofar bayanmu ya ce ai shi ya san inda ake rabon ta. Kafin la'asar magana ta zagaye gari: duk mai lema ruwan ɗorawa tana da ƙanjamau. Matan da muka zaɓa saboda ba su da ita!

A makon nan mata arba'in ya kamata su zo, tara suka zo. Wata ta jefo tata lemar ta tagar ofis. Wata mijinta ya kora ta gidansu. Da safe na ga guda biyu a cikin kwata.

Na ce to a sayo dubu a raba wa kowa da kowa, har mai shagon maganin, sai mu ga wa za a nuna. Oga ya ce shawara ce mai kyau, amma duk wani sauyi sai kwamitin da ke kula da haƙƙin mahalarta ya amince, kuma ba za su zauna ba sai bayan wata biyu. Na ce to in bi matan gida. Ya ce wadda ba ta sa hannu a kan a ziyarce ta ba, ba a zuwa. Gaskiyarsa ne, domin yanzu ganina a ƙofar gida ma tambari ne. Masu ba da kuɗi suka kira ta kwamfuta, murya na yankewa, abin da na iya ji kawai shi ne, "adadin ya faɗi."

Sittin da Biyu ba ta zo ba. Ta kira ni sau ɗaya, ta ce, "Malama, kwana shida ko mutum ɗaya bai zauna a rumfata ba. Me na yi miki?" Ta kashe wayar. Tana da zuwa ƙarshen wata mai kamawa. In ranar ta wuce ba a yi mata allura ba, za a cire ta daga binciken, kariyar da ke jikinta kuma za ta bi ruwa. Mijin yana nan yadda yake.

Ki faɗa mini abin da zan yi. Ke ce ba kya rasa dabara.

Ƴarki

*

Goggo,

Ina fatan lafiya ce ta sa kika yi shiru. Mako uku ke nan. Direba ya zo sau uku, hannu rabbana.

Na san abin da na faɗa miki ba ƙarami ba ne, kuma na san ni na jawo da hannuna, babu wanda zan ɗora wa. Amma ban zaci za ki rasa ko layi ɗaya da za ki rubuto mini ba. Na rame, rigar da kika ɗinka tana yawo a jikina. In na bi layi mata sai su shige gida. Mai shagon da nake sayen burodi ya fara ajiye mini canji a kan tebur maimakon ya miƙo mini a hannu.

In kunyata kike ji, ki faɗa. Zan fahimta. Don Allah kada dai ki ba kowa labarin.

Ƴarki

*

Uwata, ƴata, hasken idona,

Lafiyata ƙalau, bar zancen gwiwa. Tun bayan takardar da na aika da riga ban ga komai daga gare ki ba sai wannan ta jiya. Kin ce kin faɗa mini wani abu. Bai iso ni ba. Amma ba sai an faɗa mini ba. Kina aiki cikin allura da jini, kin rame, mutane suna gudunki, ana ajiye miki canji a tebur. Na san wannan teburin, Uwata. Na tsaya a gabansa.

Kunyarki? Ni? To buɗe kunnenki, tunda naki yana ji.

Babanki kafinta ba ciwon hanta ne ya kashe shi ba, kamar yadda muka faɗa wa mutane, muka faɗa miki. Cutar nan ce. Lokacin magani yana da wuyar samu, kuma ya ɓoye har ta ci ƙarfinsa. Kina aji uku na sakandare. Bayan rasuwarsa aka gwada ni, aka samu. Abin da ke cikin gwangwanin maɓallai ba maganin hawan jini ba ne. Jinina bai taɓa hawa ba sai in ke kika hau da shi. Shekara goma sha tara ina sha kullum, ke kike kawo mini ruwan da nake haɗiya da shi, kina yi mini faɗan na cika cin gishiri.

Na so in faɗa miki ranar da kika samu aikin nan. Na buɗe baki sai na ji ina tambayarki ko kin ɗauki bargo. Tsoro ne, ba wani abu ba. Na ji tsoron ki dube ni da idon ma'aikaciya, ki daina dubana da idon ƴa.

Yanzu ki saurare ni. Wannan cuta ba ƙarshen duniya ba ce. Ga ni nan, na aurar da ƴaƴan mutane da ɗinkina, na binne waɗanda suka fi ni lafiya. Ki fara magani yau, kada ki yi irin ta Babanki. In sun kore ki a aikin, ki hau motar Direba ki taho. Kwano ɗaya za mu ci, gwangwani ɗaya za mu buɗe, akwai wuri a ciki.

Ban taɓa rubuta maganar nan ba. In kin karanta ki ƙona.

Goggonki, wadda ba ta da kowa sai ke

*

Goggona,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Na karanta takardarki a ofis, na kulle ƙofa, na zauna a ƙasa kusa da firiji na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar Baba.

Ba ni da cutar, Goggo. Lafiyata ƙalau. Na tsare Direba a tasha muka zazzage motarsa, sai ga takardata ta biyu, wadda ba ta iso miki ba, a ƙarƙashin kujera, ta sha man inji. Ga ta nan na haɗa da wannan, ki karanta ki ga irin wautar ƴarki. Ya ce in ba ki haƙuri, wai yana tsoron haɗuwa da ke.

Shekara huɗu ina tsayawa gaban mata ina koya musu yadda ake gane mai buƙatar taimako, ina cewa kada su bar nasu su ɗauki kaya su kaɗai. Ashe a gidanmu ina miƙa ruwa ban san me nake miƙa wa ba. Ban ji haushin ɓoyewar ba. Na ji zafin shekara goma sha tara da kika yi babu wanda zai ce miki sannu. Sannu, Goggo. Kuma idon da nake dubanki da shi guda ɗaya ne, wanda kika sani.

Takardar ba zan ƙona ba. Tana cikin kabad mai kwaɗo biyu, inda asirin mata ɗari uku yake, ta zama ta ɗari uku da ɗaya.

Saura kwana goma sha ɗaya ranar Sittin da Biyu ta wuce. Wayarta a kashe. Kada ki tambaye ni ko wace ce, kin san na yi rantsuwa.

Ƴarki

*

Uwata,

Alhamdu lillahi. Na karanta duka biyun. Wato saboda lema na tona asirin da na rufe shekara goma sha tara? Direba ya zo da kansa, na sa shi ya riƙe mini yadi awa guda ina yanka.

Ban tambaye ki ko wace ce ba. Zan rufe shago na ƴan kwanaki, gwiwa tana son hutu. In kin ji shiru kada ki sake ramewa.

Goggonki

*

Goggo,

Yaya hutun gwiwa? Ina tambaya ne da dalili.

Sittin da Biyu ta zo. Ranar ƙarshe, saura awa biyu mu tashi, ana yayyafi, ta shigo ta ƙofar gaba, ba ta baya ba, lemarta a buɗe. Na yi ta laluben fayil ɗinta, da ƙyar na same shi. Bayan an gwada ta an yi mata allurar, na ce me ya dawo da ita. Ga abin da ta ce, yadda ta faɗa:

"Malama, wata tsohuwa ce baƙuwa. Ranar Litinin ta shigo kasuwa da irin lemar nan, rana tsaka, ko ɗigon ruwa babu. Tana ɗingishi tana bin layi layi, mutane na darewa. Da ta zo rumfata ta tsaya ta dube ni, ta dubi kujerun da babu kowa, ta ce, 'Ke mai kitso ce?' Na ce e. Ta ce, 'To ga kai.' Ta zauna a bakin rumfa, ta ƙi rufe lemar. Malama, gashin nata duka bai cika tafin hannu ba, amma ta ce ƙanana take so.

"Sai mai sayar da sabulu ta matso ta ce, 'Iya, ke baƙuwa ce, ba ki san ma'anar lemar nan ba.' Tsohuwar ba ta ji sosai, in za ta yi magana kamar tana kiran wani a ƙetaren kogi. Ta ce, 'Na sani sarai! Masu lemar nan an gwada su, ba su da komai, rigakafi suke yi don sun fi ku wayo. Mai cutar ni ce! Shekara goma sha tara! Ina shan maganina, kuma in ban da gwiwar nan da na riga ki zuwa bakin titi. Ke an taɓa gwada ki?' Mai sabulu ta ja da baya ta koma wajen kayanta.

"Kwana uku tana zuwa. Kullum sai ta ce kitson bai yi ba, in tsefe in sake. A rana ta uku mata biyu suka zauna jiran layi, wai su ga ƙarshen abin. Da za ta tafi ta ce mini, 'Ƴar nan, an ce ƙafarki taki ce. To me take jira?' Malama, ni wa na taɓa faɗa wa maganar nan in ba ke ba?"

Na ce mata na taɓa ba wata labarin maganar, ban faɗi suna ba, ban faɗi sana'a ba, kuma na nemi gafararta. Ta ce in dai wannan tsohuwar ce, ta yafe.

Ba duka suka dawo ba, kada in yi miki ƙarya. Cikin waɗanda suka ɓace, kusan rabi sun zo, sauran ranarsu ta wuce, kuma wannan yana wuyana. Kwamiti ya amince a raba lema ga kowa. Takardar ta iso jiya, damina ta riga ta yi nisa, ihu bayan hari. Za mu raba duk da haka.

Goggo, kin shigo garin da nake, kin kwana uku, ko ƙofata ba ki taka ba?

Ƴarki

*

Uwata,

Gwiwa ta huta, sai dai fatar kaina ce ke zafi. Yarinyar nan hannunta da ƙarfi.

Ban taka ƙofarki ba don da an gan mu tare da an ce ku kuka ɗauko ni haya. A gidan ƙanwar Direba na sauka, da haka ya fanshi kansa. Na hango ki sau ɗaya kina tsallaka titi da fayil a ƙirji, rigar tana yawo a jikinki kamar yadda kika ce. Na ɓuya a bayan wata mota, da ƙyar na hana ƙafata bin ki. Kuma ba ki karya rantsuwa ba. Rumfar da babu kowa a cikinta ita ta faɗa mini.

Kada ki yabe ni da yawa. Faɗar magana a garin da ba a san ka ba, ai abu ne mai sauƙi, ka faɗa ka hau mota. A hanyar dawowa na yi ta tunani: matan nan an ɗora musu abin da ba su da shi a garinsu, gaban maƙwabtansu, wasu kuma suka buɗe lema suka fito. Ni mai abin ina ɓoye a bayan maɓallai.

Shekaranjiya maƙwabciyata mai gawayi ta shigo shago da safe, lokacin shan maganina. Da can sai in jira ta fita. Na ce ta miƙo mini ruwa, na sha a gabanta, na faɗa mata ko na mene ne. Na zaci tashi za ta yi. Sai ta ce, "Shi ya sa ba kya tsufa?" Ta zauna muka yi hira har azahar. Jiya ba ta zo ba. Yau ta zo, da yadin jikarta.

Ki nemi hutu ki zo in rage miki ƙugun rigar nan, ko ki ci abinci ki hutar da ni. In kin shigo za ki ga kwalbar maganin a kan teburin keke, kusa da almakashi. Gwangwanin kuwa na mayar wa maɓallai abinsu.

Goggonki